Kawu da Tambayar Gyaɗa

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, dangi na kusa kawai muka sanar, amma kafin la'asar babura sun cika ƙofar gidansa a Kebbe har masu wucewa da dabbobi suna sauya hanya. Wasu daga Tambuwal suka zo, wasu daga Dogon Daji, wasu daga Fakku da ƙauyukan bayanta, duk inda ya taɓa riƙe alli a firamare kafin ya yi ritaya. Kowa ya san hanyarmu, ba ta raga wa ƙugun mutum, amma na ga dattawa masu furfura suna sauka daga bayan babur suna dafe da baya, suna cewa ai dole ne su zo. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma Kawu ya riga mu.

Ni ina cikin gida wajen mata, kusa da matarsa, wadda nake kira Inna. Wata mata ta shigo da kayan aikin asibiti a ƙarƙashin mayafinta, ko gida ba ta biya ba daga Tambuwal. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ake yi, ta ce Allah shi jiƙan Malam, shi ba mu haƙuri. Har ta yunƙura za ta tashi sai ta koma ta zauna.

"Inna," ta ce, "ni har yau ban manta da gyaɗa ba."

Inna tana cikin hawaye dariya ta ƙwace mata. "Ke ma? Kin zama ta fuɗu yau. Wanga mutum, ko Fatiha ba a bari a shafa mashi sai an ambaci gyaɗa."

Da yamma maigidana, wanda ya wuni a waje wajen maza, ya ce can ma zancen ke nan. Wani ɗan kasuwar hatsi ya ba su labarin yadda ya taɓa wuni rub da ciki a gonar babansa saboda Kawu, har aka zaci ciwon ciki ne ya kama shi. Wani direba ya ce shi duka ya sha a gida don ya tone kunya guda yana neman amsa. Aka yi ta dariya a wurin makoki, har liman ya yi gyaran murya, sannan shi ma ya ce ai yana cikin waɗanda aka tambaya.

Saboda wannan nake rubutun nan. Yaran da za su zo nan gaba za su gaji tambayar, ina so su san mai ita.

Tambayar ba ta da wani tsawo. Duk ajin da Kawu ya shiga, da zarar damina ta kankama, sai ya zo da gindin gyaɗa guda a hannu, ya ɗaga shi sama ya ce: "Fure shina sama, kowa na ganinai. 'Ya'ya suna ƙasa, sai an tona. To ƙaƙa anka yi?" Yara duk 'ya'yan manoma ne, sun ci gyaɗa ɗanye da dafaffe, sun yi roro, sun ɓare ta har yatsu sun yi kanta, amma sai a yi tsit. Wani ya ce saiwa ce take haihuwa. Wani ya ce ikon Allah ne. Kawu ya ce tabbas ikon Allah ne, amma Allah ya ba ka ido don ka ga yadda ikon yake tafiya. Daga nan ba zai ƙara cewa komai ba. Ko ka bi shi gida, ko ka ɗaukar masa keke, ko ka yi kuka, amsarsa ɗaya ce: "Tafi ka duba." In ka dawo da gudu kana haki, sai ya sunkuyo ya ce, "Mi kag gani?" In ka fara da "an ce", sai ya ɗaga hannu. "Ban tambaye ka abin da kaj ji ba."

A gida ma haka yake, kuma gaskiya zama da shi sai mai haƙuri. Inna ta sha cewa ko gishiri ta tambaye shi ya ji a miya, sai ya ce ta ɗanɗana. Yana da ɗabi'ar tsayawa a tsakiyar hanya ya tsuguna yana kallon tururuwa, sanye da babbar riga, mutane suna jiransa a wajen ɗaurin aure. Aljihunsa kullum akwai wani abu da bai kamata ya kasance a aljihun dattijo ba: busasshen ƙwaro, ƙwallon goruba da ya fasa, tsakuwa mai ƙyalli. Ba ya duka, amma yana da wani shiru da ya fi bulala, wanda in ya yi maka shi sai ka gwammace a zane ka a wuce wurin.

A gidansa na girma, lokacin yana koyarwa a Tambuwal. Ina ƙarama na yi ƙyanda mai tsanani, idanuna suka kumbura suka rufe, na yi zaton na makance ke nan. Ina kwance ina kuka, kowa yana lallashi da Allah shi ƙara sauƙi. Kawu bai lallashe ni ba. Kullum in ya taso daga makaranta sai ya zauna gefen tabarmata ya sa mini wani abu a tafin hannu, ya ce in faɗi ko mene ne. Yau zangarniyar gero, gobe gashin zabuwa, jibi ƙwan ƙadangare mai laushi kamar fata. In na canka daidai sai ya ce, "Af, ashe ɗiyata na gani." In na kuskure sai ya ce in ƙara shafawa. Na daina kuka don hankalina ya koma kan abin da zai kawo gobe. Ban san alheri yake yi mini ba sai da na girma, a lokacin na ɗauka wasa ne kawai.

Ni ma ban tsira daga gyaɗar ba. Na kwanta a gona kamar kowa, har na ga abin da idona: furen yana bushewa, sai wata 'yar siririyar jijiya kamar allura ta fito daga gurbinsa, ta sunkuya ta soke ƙasa, a can cikin duhu bakinta yake kumbura ya zama gyaɗa. Ranar da na gano haka na shigo gida ina ihu ba takalmi. Daɗin da na ji a ranar shi ya mai da ni malamar kimiyya, ba wani abu ba.

Shekaru suka ja. Kawu ya yi ritaya ya koma Kebbe, ni kuma bayan aure aka turo ni wata ƙaramar sakandare a garin. Ya fara kirana Malama Ƙarama, rabi girmamawa rabi tsokana. Duk damina ina gayyatarsa ajina ya yi tambayarsa, yana zuwa da sandarsa da gindin gyaɗarsa, yara suna son sa don ba ya ba da aikin rubutu.

Ana nan sai wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu kwamfutocin hannu, da farantin sola na yi musu caji. An zuba darussa a cikinsu da hotuna da bidiyo, masu buɗewa ko babu sabis. Aka yi taro, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Baƙi suna juya baya shugaban makaranta ya mai da su cikin ledojinsu ya kulle a sito. Ba mugunta ba ce. A wajenmu kayan da aka ba makaranta amana ne, kuma abin da muka sani game da amana shi ne a same ta yadda aka bar ta. Tsoronsa kada masu duba makarantu su zo su tarar da ɗaya ta fashe. Haka suka yi zango guda a kulle, muna wucewa ta ƙofar sito muna gaishe su.

Kawu ne ya fito da su, abin da daga baya ya riƙa cewa shi ya jawo wa kansa. Shugaban namu tsohon ɗalibinsa ne. Kawu ya same shi a ofis ya ce a buɗe masa sito, aka buɗe. Ya nuna kwalayen da sanda.

"Mi kag gani?"

Shugaba, mutum mai gemu da iyali, ya hau sosa ƙeya kamar ɗan aji uku. "Kayan makaranta na, Malam. Suna nan lafiya lau."

"Ni kwali nika gani," in ji Kawu. "In kwali anka aiko muna, to an cuce mu. In kuwa abin karatu na, mu munka cuci yara."

Washegari aka ba ni mabuɗi.

Ba zan ɓoye ba, na so kwamfutocin nan ƙwarai. Shekara da shekaru ina zana zuciyar mutum a allo tana fitowa kamar mangwaro, sai ga ta tana bugawa a gaban yara, jini yana shiga yana fita. Yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta juya duniya da yatsa ta gano da kanta dalilin da ya sa in rana ta faɗi a nan take fitowa a wani wuri. Makarantar da ba ta da ko gilashin gwaji guda ta wayi gari yara suna haɗa wayoyin lantarki a fuskar kwamfuta, in sun yi kuskure ƙwan ya ƙi kamawa su sake. Kawu yana kiran abin allon gilashi, yana kallonsa daga nesa, bai taɓa sa masa hannu ba.

Damina ta zo, na gayyace shi yadda na saba. Ya shigo, yara suka miƙe suka gaishe shi, ya ɗaga gindin gyaɗa ya yi tambayarsa da muryar nan tasa mai jan hankali. Ya jingina da tebur yana jiran shirun da ya saba ji. Bai samu ba. Wani yaro mai saurin hannu ya riga ya latsa, ya ɗaga kwamfutar sama.

"Malam, ga ta nan! Ga amsa!"

Bidiyo ne daga wata ƙasa, wani yana bayani da Turanci, zane yana nuna fure da jijiya da ƙasa, komai tsaf. Yara suka yi caa a kansa. Kafin Kawu ya sauke hannunsa tambayar da ta kwantar da iyayensu a gona ta ƙare. Na tafa wa yaron, don a ganina ya yi ƙoƙari. Da na waiwaya sai na ga Kawu yana mai da gindin gyaɗar cikin aljihu a hankali. Ya ce wa yara Allah shi yi albarka, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da la'asar na same shi a zaure, muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba.

"Kawu, mi ad damuwa? Yara sun san amsa. Ba shi muka so ba?"

"Sun ji amsa," ya ce.

"Sun gani! Da idonsu sunka gani, ga hoto ga komi."

"Sun ga abin da wani yag gani. Ke da kinka shigo gidan ga kina ihu ba takalmi, wa yag gaya maki? Yau wa yay yi ihu?"

Raina ya ɓaci, na ce masa zamani ya wuce kwanciya a gona, kuma shi da ya yi shekaru yana koyarwa bai taɓa iya nuna wa yaro cikin zuciya ko bayan wata ba, abin da allon da yake rainawa ya yi a zama guda. Na ce kishi yake yi da na'ura. Ya dube ni, ya yi mini shirun nan nasa, sannan ya ce, "Gaskiyarki, Malama Ƙarama. Allonki ya fi ni sani." Daga ranar bai sake taka makarantarmu ba. In na je gaishe shi yana amsawa, yana tambayar maigida da yara, amma aljihunsa ya daina fito mini da komai. Wannan ya yi mini ciwo fiye da zagi.

Abin da ya mai da ni wurinsa ƙaramin abu ne. Kusa da jarrabawa na tsige gindin gyaɗa na kai aji, na ce kowa ya nuna mini jijiyar da ke shiga ƙasa. Duk sun haddace sunanta da Turanci, har da harafinsa. Amma da na miƙa musu shukar, wannan ya nuna saiwa, wannan ya nuna reshe, mai saurin hannun nan ya juya ta sama da ƙasa ya ce wannan ba irin ta cikin bidiyo ba ce. 'Ya'yan manoma, a garin gyaɗa. Na tsaya riƙe da shukar, ƙasa tana zuba a kan takalmina, na gane cewa in aka ci gaba a haka tambayar Kawu za ta mutu a hannuna, kuma shi yana raye zai ga mutuwarta.

Na je na faɗa masa abin da ya faru, ban rage komai ba. Na shirya jin "ai na faɗa maki", amma bai ce ba. Inna ta kawo mana fura ta ajiye tana harararmu duka biyu. Ya juya furar da ludayi.

"Allon ga," ya ce, "na ji an ce shina ɗaukar hoto."

"Awo, Kawu."

"To shina da baki, shina da ido. Bakin na ad da yawa. Ki rufe mashi baki, ki ba yara idon."

A zauren nan muka tsara abin. Da sabon zango ya kama, na rufe darasin gyaɗa a kwamfutocin. Yara suka samo manyan gorunan roba masu haske, muka yanke kawunansu, muka cika su da ƙasar gona, muka shuka gyaɗa, muka naɗe kowace gora da baƙin buhu don ƙasar ta zauna cikin duhu. Kullum da safe, kafin a shiga aji, masu aikin ranar za su ba da ruwa, su kware buhun, su ɗauki hoto daga wuri ɗaya, su mayar. Ba karatu a fuskar allo, ba tambayarsa komai.

A baki abin da sauƙi. Shuka ta farko akuyar maigadi ce ta yi mata jarrabawa, ta cinye ta tas. Batirin sola ya fara rauni, wata rana a samu caji wata rana a rasa, har na riƙa kai kwamfuta ɗaya shagon mai cajin waya a kasuwa. In aka bar ta a rana sai ta yi zafi ta ɗauke. Maza suka mamaye ɗaukar hoton suka bar wa mata jan ruwa, sai da na raba aikin da faɗa. Kwamfuta ɗaya ta suɓuce ta tsage a kusurwa, shugaba ya zo ya tsaya a kanta kamar an yi rasuwa, amma da ya tuna wanda zai je wa da ƙara sai ya ce a dai riƙa kula. Sannan da furanni suka bushe, jijiyoyin suka riƙa shiga ƙasa ta tsakiyar gora inda ba a ganin komai. Nan wata yarinya mai shiru-shiru, 'yar wani maƙeri, ta kawo tsinken tsintsiya ta karkato reshe zuwa gefe, yadda jijiyar za ta bi jikin roba. Ba ni na koya mata ba, kuma babu shi a cikin kowane bidiyo.

Kawu bai zo ya gani ba, don a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, ƙafa ma ta fara ƙi. Amma duk ranar da na je, kafin in gama sallama zai ce, "Mi sunka gani?"

Da gyaɗa ta ƙulla, muka jera hotunan bi da bi suka zama ɗan gajeren bidiyo, abin da ya ɗauki makonni yana gudana cikin ƙiftawa kaɗan. Na kwashi ajin gaba ɗaya muka tafi gidansa da hantsi. Zauren bai ɗauke mu ba, wasu suna leƙe ta taga. Na zauna kusa da shi na riƙe masa kwamfutar dab da fuska. Ya ce duhu-duhu kawai yake gani. 'Yar maƙerin ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, jijiyar da ba ta kai tsinke ba ta zama kamar taɓarya. Ya ce yauwa.

Fure ya bushe. Jijiya ta fito, ta sunkuya, ta soke ƙasa, ta yi ƙasa tana bin jikin roba. Kawu yana gyaɗa kai, wannan duk ya sani. Sai ya damƙe hannuna.

"Tsaya! Mai da shi baya."

Na mayar. A cikin ƙasa, kafin ta fara kumbura, bakin jijiyar ya karkata ya kwanta a gefe, sannan gyaɗar ta fara girma a kwance.

"Ashe kwanciya taka yi?" Muryarsa tana rawa. Ya juya wajen yarinyar. "Ke, mi kinka gani?"

Ta ce, "Malam, sai ta kwanta sannan taka yin ɗiya. Duk gorunan haka munka gani."

"Ni ban taɓa gani ba," in ji Kawu. "Na tona ta ya fi a ƙirga, amma in ka tona ka ɓata mata kwanciya. Allahu akbar. Tsofai-tsofai da ni, yau anka koya min gyaɗa." Ya yi dariya har hawaye suka bi gemunsa, ya ce a sake, aka sake, ya ce a ƙara. Ban taɓa ganin mutum yana murna da rashin saninsa kamar Kawu a ranar ba. Ya shafa gefen kwamfutar da bayan hannun riga ya ce, "Allon gilashi, na yafe maka."

Wani yaro yana tsaye da wata kwamfutar yana ɗaukar duk abin da ke faruwa, da fuskar Kawu da muryarsa da dariyar. Na ji daɗi, na ce a raina na samu abin ajiya.

Da aka natsu sai ya ce, "To, yanzu a goge."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ce a goge bidiyon gyaɗar, a goge wanda aka ɗauke shi a ciki, tunda shi ma ya faɗi amsar. Ya ce yaran baɗi in suka tarar da wannan, ba su da bambanci da waɗanda suka kalli na Bature, illa dai wannan da harshen Kebbe yake. Na ce Kawu ai na waje yana nan, duk mai waya zai iya nemo shi, ba zan iya goge duniya ba. Ya ce ya sani, wanda ya so ya nema, amma kada makaranta da hannunta ta miƙa wa yaro abin da zai iya ganowa. Na sassauta murya na ce masa ba ni da hotonsa mai motsi ko ɗaya, ba ni da muryarsa.

"Ɗiyata," ya ce, "ni kika son ajewa, ko tambaya?"

Ya juya wajen yara ya ce aikinsu ne, su ke da iko, in sun ƙi shi ke nan. Suka kalli juna. Mai saurin hannun nan, wanda akuya da rana suka gyara masa zama, ya ce, "A goge, Malam. Su ma su sha rana kamar yadda munka sha." Aka fashe da dariya, suka yi alkawarin ba za su gaya wa ƙannensu zancen kwanciyar ba. Na nuna wa Kawu inda ake latsawa, na riƙe masa yatsa don ba ya gani sosai. Shi ne karo na farko da na ƙarshe da ya taɓa fuskar allon gilashi da hannunsa.

Ya rasu a farkon zangon bana, muna cikin cika sababbin goruna da ƙasa. Bai yi doguwar jinya ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, gida ya yi shiru, Inna ta kira ni ɗakinta inda take takaba. Ta kama hannuna ta ce wata maƙwabciya ta gaya mata wai akwai muryar Kawu a cikin allon makaranta.

"Ki kawo min in ji, ko sau guda."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce mata babu, shi da kansa ya goge. Ta saki hannuna ta ce, "Halinai na." Na fito ina kuka, kuma a ranar na ji haushin Kawu ƙwarai. Na ce ya yi wa yaran da bai sani ba tanadi, ya bar matarsa da 'yarsa hannu wofi.

Haka na ci gaba da zuwa makaranta da wannan nauyi. Ni na yi tambayar a bana, da gindin gyaɗa a hannu, muryata ba ta kai tasa ba. Wasu yaran sun riga sun nemo rabin amsar a wayar yayyensu, sun faɗa mini da alfahari, na ce to su nuna mini a gora. Batiri yana nan da halinsa, akuyar ma tana nan, sai dai yanzu mun yi shinge.

Ran nan da safe ina ofishin malamai sai na ji gudu a baranda. Wata yarinya 'yar aji ɗaya ta faɗo ba sallama, takalminta ɗaya a ƙafa, ɗayan ta baro shi a hanya, kwamfuta a ƙirji, sauran suna biye da ita.

"Malama! Malama! Kwanciya taka yi! Wallahi kwanciya taka yi!"

Na ajiye jan biro. Kalmomin nan, da rawar muryar, da mamakin, duk na san su. Haushin da nake riƙe da shi ya sauka a wurin, na gode wa Allah da ya ba ni kawun da ya fi ni hangen nesa da idon da ba ya gani. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa makwancinsa yadda ya buɗe mana ido, ya sa abin da ya shuka ya riƙa isa gare shi.

Da aka tashi ban sallame su ba. Na ce su ɗauko gora ɗaya da buhunta, muka bi hanyar gidan Kawu. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Yara suka durƙusa suka gaishe ta, suka yi mata ta'aziyya, suka ajiye gorar a gabanta suna ta zumuɗi, kowa yana so ya riga. Na ce, "Inna, na kawo maki abin da kinka tambaya."

Ta dubi gorar, ta dube ni, ta dubi yarinyar mai takalmi ɗaya. Ta ajiye carbin a cinya, ta share ido da gefen mayafi, ta sunkuyo.

"To," ta ce, "mi kunka gani?"